Shayin Likitan Ƙarfe

Wani mutum ne a Bakori ana ce masa Tanimu, amma in kana son ya waiwayo da sauri sai ka ce Likitan Ƙarfe. Ba wanda ya raɗa masa wannan suna fa. Shi ya raɗa wa kansa, har ya sa aka rubuta masa da fenti a bayan mashin ɗinsa.

To akwai wasu dattawa a garin da Allah Ya jarrabe su da son tsofaffin injuna. Da sun ji labarin wata tarakta da ta mutu a gona tun zamanin da auduga ke da daraja, ko injin ban ruwa da tsatsa ta cinye a fadama, sai sun je sun jawo shi. Ba don noma ba, ba don sayarwa ba. Su dai su kwance, su wanke, su ɗaura, su ji abu ya yi tari ya tashi. Babbansu shi ne Baba Nomau, wanda ya tsufa a kan sitiyarin tarakta. Suna da al'ada guda. Ranar da mutum ya tayar da nasa, za a ɗora butar shayi a gindin salansa, inda ya fi zafi. In ruwa ya tafasa a sha, a sa masa albarka, ya zama ɗan gida.

Tanimu ya sha shayin kowa. Nasa kuwa ko ƙanshinsa ba wanda ya taɓa ji. Kuma da zai sha ya yi shiru da sauƙi. Ina! Sai ya kurɓa, ya karkace kai, ya taɓe baki.

"Wannan ƙarar ba ta yi ba. Fistin na kuka. Ni da na tayar da injin da ya shekara a cikin rijiya, da ƙusa da bakin wuƙa kawai!"

Ran nan ya yi wa injin ban ruwan Ɗan'azumi irin wannan cin fuska, alhali dattijon ya yi damina guda yana fama da shi. Ɗan'azumi ya miƙa hannu ya zare kofin daga bakinsa.

Baba Nomau ya ce, "Likita, injunan da bakinka ya tayar sun ishe mu haka. Daga yau ba kofi, ba benci, sai mun sha naka. In kuwa babu, a goge rubutun nan na mashin."

Maimakon ya ba da haƙuri, sai gogan ya bugi ƙirji. "Juma'a bayan la'asar, ku zo gidana da butarku!"

Yana da tarakta kam. A hannun 'yan gwangwan ya saye ta, bayan sun yashe cikinta tas, sai ƙwarya. Kaji ne ke kwana a ciki. Abin da ya iya yi mata kaɗai shi ne jan fenti, ya lafta mata har taya.

Yana isa gida ya shiga neman dabara. Yana zaune yana zufa sai ya ji tuf-tuf-tuf daga bayan katanga. Maƙwabciyarsa ce, Gwaggo Ladingo, da tsohon injin niƙanta. Tanimu ya yi zumbur ya zaga.

"Gwaggo, ranar Juma'a in kin ji na ce 'Bismillahi, tashi!' ki tayar da injinki."

"Haka kawai, ba komai a ciki? Haƙoran injina su cinye juna? Kawo abin niƙa."

Ya koma ya ciccibo buhun dawar gidansa ya dire mata. "Kada ki kashe sai na ce."

"Ni dai abin da aka ba ni nake niƙawa."

Ranar Juma'a ya tura tarakta ya manna ta da katanga. Ya cika kurfoti da garwashi, ya jefa tsumma mai baƙin mai, ya cusa a cikin bonet daidai gindin salansa, ya rufe. Dattawa suka iso, aka ɗora buta. Tanimu ya naɗe hannun riga, ya kama ƙarfen tayarwa ya dinga murɗawa yana nishi, alhali ba abin da yake juyawa sai iska.

"Bismillahi, tashi!"

Shiru.

"Na ce Bismillahi, TASHI!"

Sai da ya saki ƙarfen ya miƙe yana goge gumi, sannan aka ji tuf... tuf... tuf-tuf-tuf!

"Haka take," in ji shi. "Sai ta yi tunani."

Baƙin hayaƙi ya turnuƙe daga salansa. Dattawa suka kalli juna, kowa ya gimtse bakinsa. Baba Nomau ya ɗora tafin hannu a jikinta.

"Likita, ko motsi ba ta yi."

"Ai gwanintar ke nan, Baba! Naku ne ke rawar ɗari kamar masu zazzaɓi."

"To ba ta wuta mu ji."

Ba yadda Tanimu zai yi, ya ja totur. Kai, wani mutum da sa'ar banza! Daidai lokacin Gwaggo ta zuba dawa, inji ya ɗauki ƙirrrrr!

"Kun ji ko? Kun ji?"

Shi ke nan kai ya kumbura. Ya haye kujerar direba ya tsaya a kai, yana koya wa mutanen da suka girmi ubansa a sana'a yadda ake ɗaure noti. Ana haka sai wata farar ƙura ta fara tsallako katanga tana sauka a kan huluna. Ɗan'azumi ya dangwala da yatsa ya lasa.

"Likita, hayaƙinta har da fari?"

"Tsabtar ciki ce. Ba za ka gane ba."

Yana cikin bayanin yadda zai tuƙa ta har Funtua, hannunsa riƙe da totur a ƙure, sai aka ji tuf... tuf... tusss. Wuri ya yi tsit.

Tanimu ya rikice. Daga can saman kujera, ko ƙarfen tayarwar bai taɓa ba, ya juya ya fuskanci katanga ya kwarara ihu.

"Bismillahi, tashi!"

Sai ga kan Gwaggo Ladingo ya leƙo ta saman katanga, fari fat da gari har gira.

"Kai Tanimu, daina yi mini ihu! Dawar ta ƙare. In taraktar taka za ta ƙara aiki, a miƙo wani buhun."

Wayyo, dariya! Wani dattijo har da zama daɓas a ƙasa yana riƙe ciki. Baba Nomau ya sauke buta, ya sa sandarsa ya ɗaga bonet. Ga kurfoti ja wur, ga tsumma na ci, ga kashin kaji ya gasu. Tanimu ya yi tsuru-tsuru a sama, ya rasa ta inda zai sauko.

Ɗan'azumi kuwa ya miƙe. Ya ɗauki ragowar gwangwanin jan fenti da burushi, ya nufi inda mashin yake a jingine.

Baba Nomau ya tuntsurar da shayin a ƙasa, ya karkaɗe gari daga hularsa, ya ɗaga kai ya dube shi.

"Mun ga mai shan gas, mun ga mai shan kananzir. Amma tarakta mai cin dawa kam, Tanimu, sai a gidanka. Sauko ka je ka kwashe tuwonta."