Rigunan Malam Waliyyullahi

"Ni da kuke gani, kyamara ta san ni," in ji Malam Waliyyullahi, yana kaɗa kofin shayi a majalisar bakin makaranta. "A Kano in na ratsa layin masu fim, kyamarori da kansu suke waiwayowa, kamar kaji sun ji an watsa tsaba. Akwai wani darakta da ya kama ƙafata yana kuka, wai in zauna. Na ce masa haƙuri zai yi, yaran Mursal na bukatata."

To aboki, matso in gaya maka gaskiya, amma kada ka ce ni na faɗa. Malam Waliyyullahi ya taɓa zuwa Kano, wannan ba ƙarya ba ne. Bikin ɗan ƙanwarsa ya je. Kuma ya fito a bidiyon bikin, shi ma gaskiya ne. Abin da ya fito dai ƙeyarsa ce da hannunsa na dama, lokacin da yake miƙa shi cikin farantin wani. A nan Njamena kuwa, aikinsa sirbeyan ne, wato mai lura da ɗalibai, a wata makarantar firamare da ke Mursal. Shi ke buga ƙarfen tayar mota da safe yara su shiga aji, shi ke korar awaki daga fili, shi ke raba faɗa idan bai fi ƙarfinsa ba.

Wata rana shugabar makarantar, Madam Hamdiyya, ta tara malamai ta ce za a kawo ƙwararrun masu shirya fim cikin ajin manyan ɗalibai. Za su koya wa yaran aikin, yaran su yi ɗan gajeren fim da hannunsu. Idan an gama, baƙin za su bar wa makaranta kyamara ɗaya, kwamitin iyaye kuma ya zaɓi wanda zai riƙe ta ya shugabanci kulob ɗin fim. Shugaban kwamitin shi ne Alhaji Zakariyya mai shadda, mutumin da ke gane yadi daga tsallaken titi.

Malam Waliyyullahi ya miƙe ya gyara hula.

"Madam, kada a wahalar da dattawa da zaɓe. Kura ta zo mahauta, ai ba a tambayar wa zai ci nama."

"Kwamiti ne zai zaɓa, Malam," in ji ta. "Sai sun ga fim ɗin."

"Su gani mana. Ni ma abin da nake so ke nan."

Ran da baƙin suka iso a kan babura da akwatunansu, gogan naka ya riga kowa zuwa ƙofa. Su biyu ne, wata matashiya Zalika da wani dogo Junaid. Ya wuce Zalika kamar bai gan ta ba, ya rungume Junaid.

"Darakta! Inta afe? Kana lafiya? Sana'a ɗaya, uwa ɗaya! Yarinyar nan ta shigo mana da kaya."

"Ita ce darakta, Baba," in ji Junaid. "Ni sauti nake ɗauka."

"Na sani, ɗana. Gwada ka nake yi."

A cikin aji, Zalika ta buɗe akwati tana nuna wa yara kayan aiki ɗaya bayan ɗaya. Malam ya hango wani abu mai gashi buzu-buzu a bakin doguwar sanda. Ya zare shi, ya ce irinsa ake amfani da shi a Kano, ya nufi allo ya shiga goge lissafin jiya. Junaid, wanda abin sauraro ke kunnensa, ya daka tsalle kamar kunama ta harbe shi.

"Baba! Makirfo ce! Kunnena!"

"To ai ga shi mun tabbatar tana aiki," in ji Malam, ya miƙa ta fara fat da alli.

Can kuma Junaid ya roƙi kowa ya yi tsit, domin yana son ɗaukar sautin ɗakin ba tare da muryar kowa ba. Ya ɗaga sanda sama, ya lumshe ido, ya sunkuyar da kai. Malam ya dube shi, ya ce a ransa lallai yaron nan ya samu tarbiyya. Ya ɗaga tafin hannuwa. Da ya ji addu'ar ta yi tsawo, sai ya shafa da ƙarfi.

"Amin! Amin ya Rabbi!"

Yara duka suka amsa, "Amin!" Aka sake. Aka sake samun amin. Sai da Zalika ta aike shi ya duba ko awaki sun shigo fili sannan aka samu shirun.

Labarin da yaran suka tsara ba shi da wahala. Baƙo ne zai shigo gida, ya zauna, a ba shi karkanji, wato zobon nan mai sanyi, ya sha, ya yi godiya, ya tafi. Suna bukatar babban mutum ya fito a baƙon. Kafin Zalika ta rufe baki, Malam ya riga ya zauna a kujerar.

"To Baba, ga sharaɗi ɗaya," in ji ta. "Darasi ɗaya ake ba mu kullum, don haka guntu-guntu za mu ɗauka. Yau shigowa, gobe zama, jibi sha. In an haɗa, zai zama kamar zama ɗaya ne. Rigar nan shuɗiya da ke jikinka, ita za ka riƙa zuwa da ita har mu gama."

Malam ya dube ta kamar ta zagi kakansa.

"Riga ɗaya? Kullum? A gaban kyamara?"

"Haka aikin yake."

"'Yata, ke yarinya ce. Ko ango ranar bikinsa sai ya sauya kaya tsakanin azahar da la'asar. Kyamara idon duniya ce. So kike a zauna a unguwar Sabangali ana cewa Waliyyullahi riga ɗaya gare shi?"

Matsalar ita ce, aboki, in da an faɗi haka a Sabangali da ba a yi masa ƙazafi ba. Babbar rigarsa ɗaya ce tak, shuɗiyar nan. Sauran jallabiyoyinsa kuwa sun sha wanki har ana hango rana ta cikinsu.

Da aka tashi, ya hau klando, wato babur ɗin haya, sai unguwar Paris-Congo, wurin Gado mai wanki da guga. Gado mutumin Nijar ne, kuma duk wani dattijon Bahaushe da ke ji da kansa a unguwannin nan, shi ke buga masa shadda. Ga riguna nan jere a igiya, sun sha sitaci, suna ƙyalli.

"Gado, Allah ya kawo ka gari," in ji Malam. "Kana son uwarka ta gan ka a talabijin?"

"Wa zai sa ni a talabijin, Malam?"

"Ni. Abin da nake so kawai, ka riƙa ara mini riga da safe, in dawo da ita kafin azahar."

Gado ya ajiye dutsen guga. "Kayan mutane ne fa. Amana ce."

"Wa ya ce a ci amana? Riga ta sha iska ne kawai. Kai kana shanya ta a igiya, ni zan shanya ta a jikina. Ina bambancin?"

Gado ya yi ta juya maganar, bai gano inda ta ɓalle ba. Ya miƙo masa wata farar riga.

Washegari Malam ya shigo aji cikin farar shadda mai aiki har ciki, yana tafe yana buɗe hannuwa kamar zalɓe zai tashi. Zalika ta dafe kai.

"Baba, ina shuɗiyar?"

"Tana hutawa."

"Ba zai haɗu ba fa."

"A Kano yana haɗuwa."

Ta dubi agogo, ta dubi yaran da suka ƙagu su taɓa kyamara, sai ta yi wani ɗan murmushi. "Yara, ku ɗauka. Akwai darasin da baki ba ya iya koyarwa."

Malam ya ɗauki wannan a matsayin yabo. Daga ranar kuwa abin ya zama ciwo. Kore ya zo, ruwan ƙwai ya zo, ruwan toka ya zo. Da ya ga riga ɗaya a rana ta yi masa kaɗan, sai ya fara zuwa da ƙunshi. Da zarar Zalika ta ce a dakata a matsar da kyamara, sai ya faɗa ɗakin ajiyar tsintsiya ya fito wani mutum daban. Rannan har da rawani ya fito, irin kadmul ɗin mutanen arewa, ido kawai ake gani, kuma a ranar ne ya kamata ya sha karkanjin. Ya ɗaga kofi ya rasa baki. Rabin kofin ya bi ta wuyan rigar wani bawan Allah.

Gado kuwa ya zama maƙaryacin dole. Wanda ya aiko karɓar kayansa sai a ce ba su bushe ba, a garin da in ka shanya riga ka juya ka yi atishawa ta bushe.

Ranar nuna fim, Malam ya bi gida-gida ya gayyato 'yan kwamiti da kansa, har da waɗanda ba su yi niyyar zuwa ba. Bayan la'asar aka toshe tagogin babban aji da barguna, iyaye suka cika benci, yara suka zauna a ƙasa. Gado na can baya, ya sha wanka, yana jiran ya ga kansa. Malam ya shigo a ƙarshe cikin wata shadda ruwan zuma da ta fi duk na baya, ɗinkin zare mai walƙiya, wando da hula duk sababbi a ido. Ya zauna a gaba, kafaɗa da kafaɗa da Alhaji Zakariyya, wanda ya zo cikin wata tsohuwar jallabiya yana ta ƙunƙuni.

"Alhaji, yau ba ka yi shiga ba," in ji Malam.

"Bari kawai. Ɗan banzan nan Gado ne, wai rigata ba ta bushe ba."

Allah ya taimaki Malam, ɗakin da duhu. Ya ɗan matsa gefe.

Aka kunna. Ga baƙo ya yi sallama cikin shuɗiyar riga. Ya tako, ya juya zai zauna, ya zauna cikin fara. Yara suka fara ƙyalƙyala dariya. Aka miƙo masa kofi, koren hannu ya karɓa. Ya kai baki da rawani, ya sauke ba rawani. Ya ce "Alhamdu" cikin ruwan ƙwai, ya ƙarasa "lillahi" cikin ruwan toka. Wata tsohuwa ta ja jikarta jikinta tana neman tsari, ta ce wannan baƙon ba mutum ba ne, kada a sake ba shi abin sha. Ajin ya kece da dariya, har Madam Hamdiyya ta cusa mayafi a baki.

Malam ya waiwaya yana ɗaga hannu. "Salo ne! Sabon salo ne, bai iso Chadi ba tukuna!"

Sai dai dariyar dattawa ta fara raguwa ɗaya bayan ɗaya.

"Tsaya," in ji wani daga benci na biyu. "Yarinya, mayar da shi baya. Farar nan... wannan ai rigar ɗaurin auren 'yata ce."

"Koren nawa ne!" in ji wani. "Ga ƙunar sigari nan a aljihu!"

"La ilaha illallahu!" in ji na uku. "To ashe jan da na gani a wuyan rigata karkanji ne? Gado ya ce mini tsatsar igiya ce!"

Aka waiwaya neman Gado. Bencinsa wayam, sai takalmi ƙafa ɗaya.

Zalika ta tsayar da fim, ta juya ga ɗalibanta cikin natsuwa. "To, wa zai gaya mini abin da ya sa ake zuwa da riga ɗaya?" Hannuwa suka tashi kamar gonar gero. Ta ce ba ta taɓa samun ajin da ya gane wannan darasi da sauri haka ba, kuma in Malam ya yarda, za ta riƙa nuna fim ɗin a duk makarantar da ta je.

"Kun ji ko?" in ji Malam. "Duk makarantu! Alhaji, maganar kulob fa? Ina ganin a yanke yanzu, tun da jama'a na nan."

A daidai lokacin wani ya yaye bargo daga taga. Haske ya sauka a kan shaddar ruwan zuma. Alhaji Zakariyya ya dube ta daga wuya har ƙasa. Ya kama gefen hannun, ya murza da yatsa biyu, ya shinshina.

"Ta bushe ashe," in ji shi a hankali.

"Alhaji, yadi ai yana kama da..."

"Ni na sayar wa kaina yadin nan, Waliyyullahi. Kyamara dai Madam za ta riƙe. Mutumin da aka kasa bar wa riga a igiya, ba a ba shi abin da ke da gilashi. Tuɓe."

"A nan?"

"A nan ka sa ta a gabana."

Malam ya cire rigar a hankali, ya naɗe, ya miƙa. Wani dattijo ya miƙo hannu ta baya ya zare hularsa daga kan Malam. Gogan ya tsaya daga shi sai singileti mai huji, ya tattara ɗan abin da ya rage masa na girma, ya ɗaga haɓa, ya nufi ƙofa da takun manya. Ya kusa fita ke nan sai wani tsoho kurma-kurma da ke bakin ƙofa ya tare hanya da sandarsa.

"Sannu, Darakta. Ba gaggawa nake ba, amma da wandon nan nake zuwa Juma'a."