Sunan Manaja a Jikin Bututu

Allah ya yi wa masana'antarmu ta bututun roba baiwa da manaja, wanda muke kira Na-Sani a bayan idonsa. Mutum ne wanda ko inji ya yi tari, sai ya ce shi ya ba shi izini. Hular kwanonsa fara fat, ba ta taɓa sanin gumi ba.

Aikinmu ba ɓoyayye ba ne. A narkar da roba iri biyu, mai kauri da mai santsi, inji ya tura haɗin ta bakin ƙarfe, bututu ya fito sumul. Sai dai narkakkiyar roba tana da hali. In mai santsin ta yi yawa aka kuma matsa mata, sai ta daina kama bangon ƙarfen, ta riƙa zamewa tana kamawa, jikin bututu ya fito duk kunya-kunya kamar gona.

To, Na-Sani kujerar darakta yake hari, surukinsa mai masana'antar kuwa ya ce sai ya ga aiki. Ran nan ya sa aka zabga mai santsin. Allurar agogon auna matsi ta faɗi, bututu ya fara fitowa a guje.

"Kun gani?" in ji shi, yana shafa tumbi. "Roba ma ta san na gaba da ita. Wannan ba zamewa ba ce, ladabi ne!"

Da ya ga kunyoyin kuwa, ko gezau. "Ado ne. Sabon salo, daga kaina ya fito." Nan take ya sa aka yi hatimi mai buga cikakken sunansa a kowane taku na bututun, don kada wani ya sace masa basira. Muka ce madalla, ranka ya daɗe.

Masu saye suka dawo da kayan kaf, aka jibge a tsakar masana'anta. Suruki ya iso yana huci.

"Wa ya yi wannan aika-aikar?"

Na-Sani ya gyara murya. "Baba, ka san ma'aikatan yanzu..."

Tsoho ya nufi tulin bututun. Ya sa tabarau, ya sunkuya, ya karanta sunan da ƙarfi. Ya ƙara taku, ya sake karantawa. Wallahi har bakin ƙofa yana karantawa, mu kuwa dariya kamar ta kashe mu.

Kujera dai Na-Sani ya samu. Ta katako ce, a bayan sito, inda yake zaune yanzu yana kankare sunansa kafin a sake narkar da bututun.