Lambar Rigar Marigayi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tuhumi maraya da satar lambar ubansa ba.

Lokacin ina sabon ma'aikaci a wani ƙaramin ofishin informatik, wato aikin kwamfuta, a Garoua, aka ba ni aikin tsara rajistar wata ƙungiyar 'yan moto, masu haya da babur, ta unguwar Roumdé Adjia. Sharaɗinsu guda ne, kada mutum biyu su riƙe lambar riga ɗaya. Na ɗora wa lambar contrainte unique, wato ƙa'idar da ke hana maimaici, na miƙe ƙafa.

Shugabar sashenmu, Madam Hadiza, ta leƙo ta ce, "Ƙanena, da index unique ka sa. Shi ma yana hana maimaici, amma ana iya gindaya masa sharaɗi."

Na ce, "Madam, ai duk ɗaya ne, suna ne ya bambanta." (Har da ɗan murmushin wanda ya yi karatu a Yaoundé.)

Ranar gwaji 'yan moto suka cika rumfar ƙungiyar. Wani saurayi ya matso da tsohuwar riga a hannu, ya faɗi lambarsa. Na shigar, na'ura ta ƙi, ta nuna lambar tana kan sunan wani Malam Buba. Maimakon in duba, sai na ɗaga murya: "Kun ga amfanin aikin? Lambar nan tana da mai ita! A kira Malam Buba ya zo ya ga mai son ƙwace masa."

Shugaban ƙungiya ya ce a hankali, "Ɗana, Buba ya rasu bara a hanyar Mokolo. Wannan ɗansa ne."

Wallahi na ji kamar in shige ƙarƙashin tebur.

Madam Hadiza ta fara yi wa saurayin ta'aziyya da Fulatanci, sannan ta jawo kujera. Ba ta goge sunan marigayin ba. Ta cire ƙa'idata da ke ƙirga kowa, rayayye da matacce, ta sa index mai duba waɗanda ke bakin aiki kaɗai. Lambar ta shiga, sunan ɗa a ƙarƙashin na uba. Saurayin ya daɗe yana kallon allon.

"Gyara kaɗan ne, ginin nasa ne," ta ce wa shugaban tana nuna ni. Ko a mota, da muke komawa ofis, ba ta tayar da maganar ba.

Tun ranar, in na'ura ta ƙi mutum, ita nake fara tuhuma, bakina a rufe.