Wanda Ya Riga Iya Hansai Cin Albashin Haladu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Zaftare Albashi, sarkin almakashi, mai cin tuwo tun mai tuwon bai wanke hannu ba.

Bayan gaisuwa mai yawa, da tambayar iyali da gajiyar ƙarshen wata, ni ne Malam Nu'uman, mai koyar da lissafi a wata sakandare a nan Wudil. Shekara goma sha tara ina gaya wa yara su dage da karatu za su ci albashi. Ɗalibina Haladu, ɗan ƙauyen Utai, ya ji maganata, har ya sami aikin malamin gona.

Ranka ya daɗe, a wajenmu albashin farko ba na mai shi ba ne. Rabawa ake yi daga babba zuwa ƙarami, kowa ya karɓa ya sa albarka. Haladu ya kawo mini takardar ɗaukarsa aiki, an rubuta dubu ɗari da tamanin. Muka raba su kaf a takarda, ni da nake koyar da ɗebewa ban ɗebe ko sisi ba, aka sanar da kowa rabonsa, har da ni malaminsa. Da kuɗin suka shigo wayarsa, sai ga dubu ɗari da arba'in da uku. Ga koke-kokenmu cikin ladabi.

Na ɗaya, haraji. Ba mu ƙi ba, ni da bakina nake koya wa yara cewa da shi ake yin titi. Amma wa ya ba ka izinin sa hannu kafin kakarsa, Iya Hansai, wadda ko fura ba a sha a gidan sai ta kurɓa?

Na biyu, fansho. Na bayyana mata cewa ajiya ce don tsufa. Ta ce ga tsohuwa a zaune, wane tsufa kuma ake jira?

Na uku, asusun gidaje. Kawunsa Halliru magini ne. Duk ranar kasuwa sai ya tare ni a bakin gada yana tambayar inda filin yake, ya fara buga bulo. Me zan ce masa?

Na huɗu, inshorar lafiya da kuɗin ƙungiya. Yaron nan ko mura bai yi ba, ƙungiyar kuwa bai san ma inda take taro ba.

Duk wannan mai sauƙi ne. Na yafe rabona, mahaifiyarsa ta rage nata, muka cika na Iya Hansai cif. Sai ta ƙi karɓa. Ta ce tunda akwai wanda ya riga ta, to ya girme ta ke nan, kuma ba ta da rashin kunyar da za ta sa albarka kafin na gaba da ita. Da ta ƙi, kowa ya janye hannu. Yau mako uku kuɗin da ya ciro na cikin ambulan, Haladu yana zuwa aiki ba albarkar kowa. Ya rame. Ko shawarar taki zai ba manomi sai ya yi ta kame-kame.

Saboda haka muna roƙon ka zo Utai Juma'ar nan bayan masallaci. An tanadi tabarma. Ba a neman jawabi, Allah ya yi albarka kawai za ka ce, sauran su biyo baya.

Sai dai gara in faɗa maka gaskiya tun daga nan. Iya Hansai ta ce idan ta dube ka ta ga ba ka kai ta shekaru ba, za ka ajiye kuɗin a gabanta, ka koma bayan Halliru ka bi layi.

Naka mai biyayya, wanda kai ma ka san shi duk wata,
Malam Nu'uman Gwadabe, Wudil.