Gabas ɗin Kano a Hamadar Sin

Ba zan taɓa mantawa ba, ko tsufa ya cinye sauran labarai, da ranar da na kusa kashe mutum da ƙishirwa saboda kalma ɗaya.

Ina shekara ta biyu a jami'a a Guangzhou ta ƙasar Sin, gab da shekarar dubu biyu. Da aka yi hutu, Lin, ɗan ajinmu, ya kawo shawarar mu je arewa maso yammacin ƙasar, wani kwazazzabo cikin hamada inda ruwa ke zubowa daga saman dutse. Mu uku muka tafi: ni, shi, da Malam Isufu, wani ɗalibi ɗan Agadas da ya girme mu, mutumin da sai ka ja shi yake magana. Kwana uku a jirgin ƙasa ina cika wa Lin kunne cewa mu jikokin Sahara ne, rairayi gadonmu ne. (Ni da aka haifa a tsakiyar birnin Kano, yashin da na sani na masu gini ne.)

A ƙauyen ƙarshe wani makiyayi ya ce mu yi gabas, tafiyar awa biyu. Muka tashi da rana tsaka, da tanti a baya da gorar ruwa ɗai-ɗai, tunda ai ruwa za mu tarar. Na zaro kamfas ɗin alƙibla da nake sallah da shi a ɗaki, na nuna inda ya nuna.

"Ga gabas."

"Anya, ɗan'uwa?" in ji Malam Isufu.

"Haba Malam, shekara biyu ina sallah da abin nan!"

Ya dube ni, ya biyo bayana. A wurinmu alƙibla ita ce gabas. Da haka aka raine ni. A Guangzhou kuwa, tsakanin benaye da hazo, ban taɓa tambayar ta ina rana take fitowa ba. Bangon da allurar ta nuna nake fuskanta, in kira shi gabas.

Awa uku muna tafiya, ba ruwa ba alamarsa. Lin ya girgiza gorarsa ya ce, "Meiyou," wato babu. Leɓensa ya tsage, ya zauna a kan dutse ya kasa tashi. Nan tsoro ya kama ni sosai.

Malam Isufu ya ba shi sauran ruwansa, muka yi taimama don la'asar. Na daidaita kamfas, na ɗago kai, sai ga rana tsaf cikin idona tana gangarawa. Da muka sallame Malam Isufu ya juyo a hankali.

"Ɗan'uwa, ku a Kano gabas rana take faɗuwa?"

Makka tana yamma da Sin. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Malam ya saɓa jakar Lin, ya ba wa rana baya, muka bi shi kamar tumaki. A ƙauye muka kafa tanti, sai washegari muka ga ruwan. Yana da kyau ƙwarai, amma kunya ta hana ni shiga hoto.

Abin da ya fi damuna shi ne Lin bai taɓa yi mini gori ba. Tun daga ranar, in na ji bakina na shirin cewa "ai kowa ya san haka", sai in fara tambayar kaina: kowa, ko dai 'yan unguwarmu?