Ɓarawon da Aka Raina wa Kayan Sata

A duk Amsterdam ba a taɓa haifar ƙwaƙwalwa irin ta Sybren Dijkhuis ba. Wannan magana tabbas ce, domin daga bakinsa muka ji ta, kullum, lokacin cin burodi da cuku. Mu da muka yi aiki tare da shi a kamfanin cinikin hannun jari, Kan Duniya muke kiransa. Shi kuwa ya ɗauka yabo ne.

Shi ya rubuta wata manhaja mai saye da sayarwa da kanta. Ranar da aka sallame shi, ya kwafe ta a filas, ɗan abin adana bayanan kwamfuta, ya hau kekensa yana fito. Bayan kwana tara aka kama shi, saboda ya yi tallarta ga kamfanoni huɗu, da cikakken sunansa da hotonsa.

Laifi dai ya tabbata. Saura a san darajar abin da ya sata, don da ita za a auna hukunci. Kamfanin ya ce yuro miliyan goma sha biyu. Mai gabatar da ƙara ya nemi ɗaurin shekara uku.

Lauyarsa, Femke Wiersma, ta ja shi gefe. “Sybren, don Allah yau ɗaya ka kama bakinka. Zan ce manhajar tarkace ce, ka kwana a gidanka.”

Ya daure minti shida. Da ta ce wa kotu ɗan makaranta ma zai iya rubuta irinta, sai ya miƙe zumbur, ya dubi alƙaliya.

“Ranki ya daɗe, matar nan ba ta san hagu da dama ba! Miliyan goma sha biyu ma zagi ne. Arba'in! Kuma na yi rangwame!”

Femke ta dafe kai. Mai gabatar da ƙara ya rubuta arba'in har sau biyu, bakinsa ya ƙi rufuwa. Matar Sybren ta ɗauki jakarta ta fita.

Alƙaliyar ba ta yarda da kowa ba. Ta sa wani dattijon malamin jami'a ya gwada manhajar a kan cinikin bara. Bayan wata guda ya dawo da takarda ɗaya tak.

“Ranki ya daɗe, tana da sauri ƙwarai,” in ji shi. “Ban taɓa ganin abin da ke yin asara da sauri haka ba. Kamfanin ma ya kashe ta tun shekara biyu, ba su dai gaya masa ba. Da ya sayar wa abokan hamayyarsu, da ya kamata kamfanin ya ba shi tukuici.”

“To nawa ce darajarta?”

“Filas ɗin mai kyau ne. Zai yi yuro goma sha huɗu.”

Aka yafe masa gidan yari, aka yanke masa aikin share titi na awa tamanin. Femke ta rungume shi don murna. Shi kuwa ya zauna jagwab, idonsa ya kawo ruwa.

“Sai mun ɗaukaka ƙara,” ya ce. “Shekara ukuna nake so.”

Ta ce ya nemi wani lauyan.

Jiya na wuce shi a bakin kwata, sanye da rigar masu shara, yana yi wa abokin aikinsa bayanin sabon tsarin da ya ƙirƙiro na tara ganye. Mutumin ya gama saurara, ya ce, “Ga wasu ganyen can ka bari a bayanka.”