Hannun Mai Albasa

Ba zan taɓa mantawa da ranar kare aikinmu na ƙarshe a jami'a ba, kuma har gobe haushin hannuna na dama nake ji.

Ni ɗan Aliero ne, a cikin albasa na girma. Tun ina ƙarami Baba ya koya mini cewa ba a miƙa wa mai saye albasa da ƙasa a jikinta, sai an murje ta a riga. (Ku riƙe wannan, shi ya kashe ni.)

Aikin namu, ni da abokiyar karatuna Hadiza 'yar Maiyama, wani ɗan gilashi ne da muka shafa wa ƙwayoyin sinadari na nano, masu ƙanƙantar da ido ba ya ganin ɗaiɗaikunsu. In haske ya sauka a kai sai ya ba da lantarki, allurar mita ta motsa. Zangon karatu guda muna fama, cikin duk gilasan da muka shafa ɗaya tak ya yi kyau. A ido kuwa, kamar gilashin da ya yi ƙura.

A ranar, malamai sun jeru, ga baƙon farfesa da zai ba mu maki. Ina ta zuba bayani, har da gargaɗin cewa sinadarin da muka shafa wa gilashin ba ya son taɓi. Sai farfesa ya ce, "Miƙo in gani."

Wallahi ban san lokacin da na hura masa iska ba, na murje shi tas a gaban kaftanina, na miƙa da hannu biyu cikin ladabi.

Farfesa ya ɗaga shi sama, ya ce, "Yaro, mi ka goge?"

Hadiza ta dafe kai. "Wanga bawan Allah ya gama da mu!"

Aka haska fitila, allura ko gezau. Aka ce mu sake aikin, abokanmu suka tafi bautar ƙasa suka bar mu. Hadiza ba ta ƙara amsa gaisuwata ba, kuma ban ga laifinta ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, da na faɗa wa Baba, cewa ya yi, "To ai daidai ka yi, wa ka miƙa ma baƙo kaya da dauɗa?"

Na dai gane cewa kaina ne kawai ya yi jami'a, hannuna yana kasuwa. Yanzu in ina bayani, a aljihu nake barinsa.